Wai da gaske akwai bakteriyar da ƙanƙara ce gidanta a tafkunan kan duwatsu?

MaiKifi_Ijora: Assalamu alaikum jama'ar gida. Gardama muka yi da ɗiyata daren jiya, na ce bari in kawo ta gaban masu ilimi. Yarinyar tana aji biyu a jami'a. Muna cin abinci take ce mini wai a can ƙololuwar duwatsu akwai tafkunan da ke shafe wata bakwai ko takwas a daskare, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ke ci suna hayayyafa. Wai sanyin ma suke so, in ka kawo su wurin ɗumi mutuwa suke yi. Ni shekarata goma sha takwas ina sana'ar daskararren kifi a Ijora. Abin da na tashi na sani, kuma da shi nake ciyar da iyalina, shi ne ƙanƙara tana kashe ƙwayar cuta. In ba haka ba, ta yaya katan ɗin Titus zai taso daga Norway, ya yi watanni a hanya da cikin kolrum, wato ɗakin sanyi, ya iso hannun mai saye lafiya lau? Don Allah wanda ya sani ya warware mini, maganar ta tsaya mini a rai.

Ɗan_Agege: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ina bayanka. Ko kunun aya da ya fi komai saurin tsami, ka jefa shi firiza ya zama dutse sai ya yi sati biyu babu abin da ya same shi. Abin da ya daskare ai ya gama.

Mahauci_OkoOba: Ɗan Agege, dakata. Ban yi boko mai nisa ba amma na san nama. Naman da ya yi wata guda a firiza, ranar da aka ɗauke wuta ya narke, kafin kwana biyu ya fara wari da yauƙi. Firizar a rufe take, ko ƙuda bai shiga ba. In da ƙanƙarar ta kashe su, su wa suka tashi suka ɓata shi? Ni a ganina barci take sa su.

Zee_Akoka: Baba Alhaji, ina wuni. Ilimin ƙananan halittu nake karantawa, kuma ƙanwata ɗiyarka ta faɗi gaskiya, Baba Mahauci ma ya faɗi gaskiya. Daskarewa takan kashe wani kaso, amma da yawa suna tsira. Mu a ɗakin gwaji in muna son adana bakteriya ta yi shekaru da ranta, firiza muke sa ta, mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, bayan mun haɗa ta da wani sinadari mai suna gilisarin. Ranar da muke buƙata sai mu kankaro kaɗan mu shafa a faranti, washegari ta tsiro. To kun ga abin da muke adana su da shi ba zai zama abin kashe su ba. Kifinka yana isowa lafiya ne domin a digiri 18 ƙasa da sifili ba sa iya ƙaruwa, ba don sun mutu ba.

MaiKifi_Ijora: Allah ya yi albarka 'yata. Na ji wannan, kuma na yarda da maganar barci. Amma ba ita ce gardamarmu ba. Barci daban, hayayyafa daban. Ɗiyata cewa ta yi suna ci suna haihuwa a cikin ƙanƙara. Abin da ya zama dutse, ina za su samu ruwan da za su motsa?

Zee_Akoka: Nan ne maganar take da daɗi, Baba. Da farko tafki ba ya daskarewa har ƙasa in yana da ɗan zurfi. Ruwa ya fi nauyi ne a digiri 4, saboda haka shi ke nutsewa ƙasa, ƙanƙara kuma ta fi ruwa rashin nauyi sai ta tsaya a sama kamar murfin tukunya. A ƙarƙashin murfin nan akwai ruwa mai sanyin digiri 0 zuwa 4 duk tsawon hunturu, kuma da rai a cikinsa.

Shi kansa murfin ba dunƙule ɗaya ba ne. Idan dusar ƙanƙara ta zuba da yawa, nauyinta yakan danne murfin, ya tsage, ruwan ƙasa ya ɓullo ya jiƙa dusar. Samansa ya sake daskarewa, tsakiya kuma ya zauna jagwab, kamar lamurjen da bai gama daskarewa ba. Haka za a yi ta samun hawa hawa, ƙanƙara mai tauri, sai jagwab, sai mai tauri. A shekarun 1990 masu bincike sun duba irin wannan murfin a wani tafki na duwatsun Pyrenees a Sifen da kuma tafkin Gossenköllesee na ƙasar Ostiriya, inda Jami'ar Innsbruck ke da tashar bincike a bakin ruwan. Sun tarar da bakteriya da sauran ƙananan halittu cikin jagwab ɗin suna aiki, har sun fi na ruwan da ke ƙasa himma. Wurin yana daidai da sifili, kuma ba barci suke ba.

MaiƘanƙara_Mile12: Ni wannan bai ba ni mamaki ba sosai. A injinmu na ƙanƙara, cikin ruwan gishiri muke jera gwangwanayen. Ruwan gwangwanin ya daskare ƙam, shi kuwa ruwan gishirin da ya fi shi sanyi yana nan yana yawo. Wato sanyi ƙasa da sifili ba lallai ba ne ya zama babu ruwa.

Zee_Akoka: Yauwa Yaya, ka taɓo ainihin wurin. Haka yake a ƙanƙarar teku. Idan ruwa yana daskarewa yakan ture gishiri gefe, sai a samu 'yan siraran jijiyoyi na ruwan gishiri cikin ƙanƙarar, a nan suke zama. Akwai wata mai suna Psychromonas ingrahamii da aka samo a ƙanƙarar tekun Alaska, tana rabuwa biyu a digiri 12 ƙasa da sifili, sai dai takan ɗauki kwana 10 kafin ɗaya ta zama biyu. Ku gwada da E. coli ta cikin hanjinmu da ke yi cikin minti 20 in ta samu ɗumi da abinci. A 2013 kuma an ba da rahoton wata, Planococcus halocryophilus, daga daskararriyar ƙasar arewacin Kanada, tana ƙaruwa a 15 ƙasa da sifili.

Ɗan_Agege: Kwana goma kafin a haihu sau ɗaya? Subhanallah. Na janye maganata ta farko.

Ustaz_IdiAraba: A Suratun Nahli, bayan an ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, sai ayar ta rufe da cewa Allah yana halittar abin da ba ku sani ba. Duk lokacin da na ji irin wannan bayani ita ke faɗo mini. Ku ci gaba, muna ƙaruwa.

Maman_Ilham: Zee ƙanwata, abin da ya ɗaure mini kai shi ne jikinsu. Mu ɗan sanyin hunturun Kano ma yatsu suke ƙagewa. Su me ya hana su sandarewa?

Malam_Bayoloji: Hajiya, bari in amsa da abin da ke kicin ɗinki. Ki ɗauki man shanu da man gyaɗa ki ajiye a waje da asubar hunturu. Man shanu zai yi tauri, man gyaɗa yana nan yana zuba. Kowace ƙwayar bakteriya tana lulluɓe da tantani da aka gina da maiƙo, ta nan abinci ke shiga, ta nan datti ke fita. Bakteriyar da ta saba da ɗumi, tantaninta ya fi kama da man shanu, sanyi na zuwa ya ƙage, ƙofofi su rufe. Masu son sanyi nasu maiƙon ya fi kama da man gyaɗa. Sinadaran da ke gudanar da aikin cikin jikinsu, waɗanda ake kira inzayim, su ma masu laushi ne, suna lanƙwasuwa cikin sanyi. Wasu kuma suna fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, wasu suna yin furotin da ke manne wa ƙwayar ƙanƙara ya hana ta girma ta huda su.

Laushin nan kuma shi ne ajalinsu a wurin zafi, abin da ɗiyar Alhaji ta faɗa ke nan. Ma'anar da wani masani mai suna Richard Morita ya bayar a 1975, wadda har yau ake koyarwa, ita ce mai son sanyi na ainihi ya fi jin daɗi a digiri 15 ko ƙasa, kuma ba ya girma in an haura 20. Ka kawo shi Legas da rana tsaka, inzayim ɗinsa ya warware kamar kitson da aka tsefe.

ƊanGembu_Apapa: Ni mutumin Mambila ne, tanka nake ja a nan Apapa. A garinmu akwai lokacin da da safe ba ka iya sa hannu a ruwan rafi. Kuma kusa da mu akwai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya. Ashe ke nan muna da irin waɗannan halittu a gida, ba sai an je Turai ba.

Malam_Bayoloji: Ɗan Gembu, ga wani abu da zai ba ka sha'awa. Chappal Waddi mita 2,419 ne. Tafkin Ostiriya da Zee ta ambata yana kan mita 2,417. Kusan kai ɗaya. Amma wancan yana shafe fiye da rabin shekara a daskare, namu ko kusa. Bambancin shi ne mu muna kusa da tsakiyar duniya inda rana ke dukan kai tsaye. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, to in ka fara lissafi daga zafin Taraba, mita dubu biyu ba su kai ka ga ƙanƙara ba. A Afirka sai ka je Dutsen Kenya mai mita 5,199, ko duwatsun Rwenzori tsakanin Yuganda da Kwango, ko Bale a Habasha, nan ne ake da ƙananan tafkuna a wajen mita 4,000 zuwa sama, inda dare ke daskarar da gefen ruwa rana ta narkar. Abin da ya fi yawa a rafinku su ne masu jure sanyi, ba masu son sa ba. Su suna iya girma kusa da sifili amma sun fi walwala sama da digiri 20. Kuma gaskiyar magana ko a tafkunan Turai da Himalaya, yawancin abin da ake tsirarwa a faranti masu jurewa ne.

Baba_Obalende: Ku yara kuna maganar tudu. Na yi aiki a Jos shekara tara. Ƙanƙara takan zubo da ruwan farkon damina, yara su bi da kwano suna tsinta suna sha. Mu a ganinmu babu abin da ya kai ta tsarki tunda daga sama ta zo. Yanzu ita ma za ku ce da abu a ciki?

Zee_Akoka: Ranka ya daɗe Baba, akwai. Tsantsar ruwa marar ƙura, in ɗigo ne ƙanana kamar na girgije, yana iya kaiwa kusan digiri 38 ƙasa da sifili bai daskare ba, sai ya samu abin da zai kama ya fara. Akwai bakteriyar ganye, Pseudomonas syringae, mai wani furotin a bayanta da ke sa ruwa ya daskare tun daga wajen 2 ƙasa da sifili. Iska tana ɗaga ta sama, kuma an same ta a dusar ƙanƙara da ruwan sama. Har a wuraren wasan zamiya na Turai da Amurka ana amfani da matacciyarta wajen yin dusar ƙanƙara da inji. Masu binciken Innsbruck ɗin nan ma sun tari ɗigon girgije a kan dutsen Sonnblick, sama da mita 3,000, suka nuna bakteriyar ciki tana aiki a sanyin sifili.

Ɗan_Agege: To ai ke nan ƙurar hunturunmu ce ke kai musu su. Na taɓa ganin hoton dusar ƙanƙarar Turai ta koma ja saboda ƙurar Sahara.

Malam_Bayoloji: Rabin maganarka daidai ne. Ƙurar Sahara tana sauka a tafkunan duwatsun Sifen da Alps, tana kai musu bakteriya, tana kuma kai musu sinadarin fosfaras da kalsiyam. Waɗannan tafkuna matalauta ne ƙwarai, ruwansu garau yake domin babu abinci a ciki, saboda haka ƙurar nan taki ce a wurinsu. Sai dai wadda ke zuwa Turai yawanci daga arewacin hamada take tashi, wajen Aljeriya da Maroko da Libiya. Tamu ta hunturu, babban tushenta kwarin Bodele ne a Cadi, kuma kudu maso yamma take nufa, ta bi ta kanmu ta faɗa Tekun Atilantika. Sannan ba kowane ja ba ne ƙura. Akwai wani gansakuka ɗan mitsitsi mai jan launi da ke tsirowa a kan dusar ƙanƙara da bazara, launin garkuwarsa ce daga rana.

Ranar ma wata masifa ce da ba mu taɓo ba. A sama iska siririya ce, hasken nan mai ƙona fata da ido ba ya gani yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 duk mita 1,000. Shi ya sa da yawa daga bakteriyar tafkunan tudu in an tsirar da su sai ka gan su ruwan ɗorawa ko ja ko ruwan goro. A duwatsun Andes akwai tafki a bakin dutsen Licancabur mai aman wuta, kan iyakar Cile da Boliviya, wajen mita 5,900, da rai a cikinsa. Masu binciken da hukumar NASA ta binciken sararin samaniya ta Amurka ta ɗauki nauyinsu sun hau can a farkon shekarun 2000 domin wurin ya yi kama da yadda ake zaton tafkunan duniyar Mars suka kasance a da.

Injiniya_Ikorodu: Ni fa a nan nake rabuwa da ku. Kwalara tana kashe mutane a garin nan saboda rashin ruwa mai tsabta, a ce kuɗi suna tafiya wajen hawa dutse neman ƙwayar da ba ta taɓa kowa ba?

Nas_Mushin: Injiniya, damuwarka gaskiya ce, amma kar ka ce ba ta taɓa kowa ba. Danginsu masu jure sanyi suna cikin firij ɗinka. Wata bakteriya mai suna Listeria tana girma a sanyin firij, a hankali amma tana girma. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta kama mutum sama da 1,000, ta kashe sama da 200, jarirai da yawa a ciki, kuma daga sarrafaffen naman da ake yankawa a ci ba tare da dafawa ba ta fito. Mai ciki tana iya jin ɗan zazzaɓi kawai, cikin ya zube. Shi ya sa nake roƙon masu juna biyu, abin da ya kwana a firij a sake ɗumama shi har ya yi tururi, kuma a guji nonon da ba a dafa ba. Sanin yadda suke jure sanyi shi ne sanin yadda za a tare su.

Maman_Ilham: Anti Nas, kin tuna mini wata asara. Yogot nake yi ina kai wa shaguna. Wata rana aka kawo mini ɗanyar madara da yawa, na ce bari in ajiye a firij in riƙa ɗiba. Wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya. Rana ta huɗu na dafa ta sosai kamar kullum, na haɗa, yogot ɗin ya fito da ɗaci ɗaci, dole na zubar. Har yau ina mamaki, tunda na dafa.

Zee_Akoka: Anti, aikin wata Pseudomonas ne, 'yar uwar waccan ta ganye, ita ce sarauniyar ɓata madara da kifi da nama a firij. Kwana huɗun nan ta yi ta ƙaruwa tana zuba inzayim masu farfasa furotin da maiƙon madara. Dahuwa ta kashe ta, amma wasu daga inzayim ɗinta ba sa jin wuta, ɗacin daga nan yake. Madara a dafa ta ranar da ta zo, sannan a sa a firij.

Injiniya kuma, akwai amfani ta wajen masana'antu. Kamfanonin omo suna neman inzayim masu aiki a ruwan sanyi domin Turawa su daina dafa ruwan wanki, a rage wuta.

Injiniya_Ikorodu: Mu da ruwan rijiya muke wanki tun fil azal. Amma maganar Nas ta shige ni, matata tana da ciki wata biyar.

Mahauci_OkoOba: Tambayata ita ce, tunda ana cewa ƙanƙarar duwatsu tana narkewa saboda ɗumamar yanayi, waɗannan abubuwan ba za su gangaro su zama annoba ba?

Malam_Bayoloji: Masu son sanyi na ainihi ba za su iya da jikin mutum ba, digiri 37 wuta ce a wurinsu. Kifin ruwan sanyi suke iya kamawa, akwai Flavobacterium psychrophilum da ke yi wa masu kiwon kifi ɓarna a Turai da Amurka. Abin tsoron shi ne abin da ƙanƙara ta adana, wato barcin nan da kai ka fara faɗa. A 2016 a yankin Yamal na Saberiya an yi zafi mai tsanani, cutar antaras mai kama dabbobi da mutane ta ɓarke, dabbobin reindiya, wato barewar ƙasashen sanyi, sama da 2,000 suka mutu, da wani yaro ɗan shekara 12, kuma an danganta abin da narkewar daskararriyar ƙasa. Su kuwa 'yan tafkin, narkewar su take cutarwa, domin murfinsu ke guntulewa shekara bayan shekara.

MaiKifi_Ijora: Na karanta duka tun daga sama. Na yarda yarinyar ta fi ni gaskiya a kan tafki, zan gaya mata da bakina. Amma ku lura, mafi sanyin da Zee ta ambata 15 ne. Kolrum ɗina 18 yake, wani lokaci 20. Ke nan a cikin ɗakina maganata tana nan, babu mai haihuwa.

Mahauci_OkoOba: A cikin ɗakin, Alhaji. Katan ɗin da mai sari ta ɗauka da safe, ya wuni a tire a rana, wanda bai ƙare ba ta mayar firiza da dare, gobe ta sake fitarwa fa? Mu ma mahauta muna yi, ba na ware kaina.

MaiKifi_Ijora: Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci. Kuma ko ni, ranar da janareta ya ƙi tashi, ma'aunin zafi na bango yakan hau zuwa 8 ko 6 ƙasa da sifili kafin makaniki ya zo. Da ina cewa tunda kifin bai yi laushi ba shi ke nan.

Nas_Mushin: Ka sa ma'aunin zafi a tsakiyar katan, Alhaji, ba na bango kaɗai ba. Firij na gida kuma kada ya haura digiri 4 ko 5.

ƊanGembu_Apapa: Malam Bayoloji, har yanzu ban gamsu cewa babu masu son sanyi na ainihi a wajenmu ba. Akwai idon ruwa a bayan ƙauyenmu, ƙarƙashin dutse, rana ba ta taɓa ganinsa. Zan je gida a Disamba in Allah ya kai mu. Zee, in na ɗebo a gora za ki iya dubawa?

Zee_Akoka: Zan tambayi malaminmu, Yaya, ina ganin zai so. Amma gorar sai an dafa ta tukuna, kuma tun daga bakin ruwan sai a kula cike da ƙanƙara. In ta yi kwana biyu a gaban mota daga Gembu zuwa Legas, masu son ɗumi za su cika ta, waɗanda muke nema kuma su mutu a hanya. Ka auna sanyin ruwan ma a wurin, ka rubuta lokaci.

MaiKifi_Ijora: Kula tana wuyana, ina da mai kauri da ke riƙe ƙanƙara kwana uku. Ɗan Gembu, ka biyo ta Ijora kafin ka tafi. Sai dai ƙanƙarar dawowa, can za ka nema, a Gembu ko Jalingo.